Ƙaramin Yatsan Ummi

Ƙanwata Ummi ta warke, alhamdulillahi, don haka yanzu zan iya ba da labarin nan ba tare da an ce ba ni da tausayi ba. Na rubuta shi ne saboda duk gidan da aka yi wa wani ɗori, musamman idan mai karayar ya wayi gari ya ce ya daina jin ciwo. Kafin a fara murna, a karanta abin da ya same mu.

Sunana Safiya, shekarata goma sha shida, gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gagarawa Tasha. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" ne sunana a wurinta, ranar da take cikin farin ciki kuma in samu ƙarin girma zuwa "ke yarinyar nan". Ummi kuwa sunan mahaifiyar Baba ta ci, Baba "Uwata" yake ce mata. Idan ta fasa tulu sai a ce dama tulun ya tsufa. Idan ni na fasa, sai na ji tarihin tulun tun daga ranar da aka gina shi.

Da kaka abin ya faru. Muna dawowa daga gonar riɗi a kan amalanke, Ummi ta haye can saman buhuna don ta ce gefen da nake zaune akwai warin shanu. Ƙafar amalanken ta faɗa wani rami, ta wuntsilo, ta dira a kan hannunta na dama. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an karya busasshen kara.

A ranar Baba ya ɗauke ta a babur zuwa wurin wani tsohon maɗori da ke wani ƙauye a hanyar Sule Tankarkar. Mutumin ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ya ɗora ƙafar Baba tun yana saurayi, ga shi har yau yana tafiya garau. Ya ja hannun, ya shafa man shanu, ya jera karare tun daga wuyan hannu har suka ɗan wuce gwiwar hannu, ya ɗaure tamau da tsumma. Ya ce kada wanda ya kuskura ya sassauta sai bayan mako uku, ko da za ta yi kukan da za a ji a Gumel.

Ta kuwa yi ƙoƙari. Kwana uku tana kuka, tana cewa wani abu kamar wuta yana gangarowa daga gwiwar hannunta zuwa ƙaramin yatsa. A kwanakin nan na tausaya mata da gaske, har fifita na yi mata. A rana ta huɗu ta tashi ta ce wutar ta mutu. Gida ya cika da hamdala. Maƙwabta suka ce ɗori ya kama, Inna ta soya ƙosai ta raba sadaka.

Daga nan ne tawa jinyar ta fara, wadda ba wanda ya zo dubawa.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa kamar ana rabon taki. Wannan ta kawo lemo, waccan ayaba, wani ya aiko da kilishi daga Maigatari. Madarar gwangwani ta taru a ɗakin Inna har muna iya buɗe shago. Baba ya riƙa sayo ƙafar sa ana yi mata farfesu, wai yana haɗa ƙashi. Na tambaya ko ni ba ni da ƙashi a jiki, Inna ta ce nawa ai a haɗe yake. Da yake hannun cin abinci ne ya karye, a baki ake ba ta. Yarinya mai shekara goma sha huɗu, Inna na cewa "ha", tana buɗe baki tana kallona ta gefen ido.

Ni kuwa aikin mutum biyu ya dawo kaina: wanke-wanke, shara, ɗebo ruwa, ga cirar zoɓo da ta zo daidai lokacin. Wanda bai taɓa wuni yana cirar zoɓo ba bai san ƙaiƙayi ba. Hannuwana suka yi jawur, ina susa kamar mai ƙazuwa, ita kuma tana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya da wayar Baba, wayar da ni idan na taɓa sai a ce caji zai ƙare.

A mako na biyu na yanke wa kaina hukunci cewa Ummi ta warke, daɗi ne kawai ba ta so ya ƙare. Na yi niyyar in sa ta zabura ta yarfa hannun a gaban kowa, a ga ashe yana motsi. Sai na je gindin katanga na kamo cinnaka biyu ƙosassu na zuba a kwalin ashana. Don kada in yi aikin banza, na fara gwada ɗaya a bayan hannuna. Lafiyarsa ƙalau. Sai da na yi tsalle uku.

Da la'asar na zauna kusa da ita kamar mai son kallon waya, na buɗe kwalin na saki ɗayan a kan ƙaramin yatsanta da ke leƙowa daga ƙarshen ɗorin. Ya ɗan yi shawagi, ya tsaya, ya lanƙwashe jikinsa ya kafa baki. Ina kallonsa. Na toshe bakina ina jiran ihu. Ummi ta ci gaba da dariyarta da abin da take kallo. Cinnakan ya sake cizo a gefen tafin hannu, ƙasa da yatsan. Ko gezau. Sai da ya tsallaka ya isa wajen babban yatsa ya ɗan taɓa ta, sannan ta ƙwala ƙara ta jefar da wayar. Inna ta fito da gudu, aka ce daga bishiya ya faɗo, aka mayar da tabarma ɗaki. Ba wanda ya zarge ni.

Amma dariyar da na tanada ta ƙi fitowa. Cizo biyu na farko sun tashi sun yi ja, na gani da idona, mai hannun kuwa ba ta san an yi ba. Washegari ina yi mata hira na ɗauki tsinken tsintsiya na caki ƙaramin yatsan, a hankali, sannan da ƙarfi. Ba ta ko juyo ba.

Na sami Inna a madafi na ce mata yatsan Ummi ya mutu. Ta ce in tofar da wannan mugun yawun, baƙin ciki ne ke damuna tun da aka fara kawo madara. A nan ta yi gaskiya, amma rabi. Na ga idan ban fito da hujja ba, ba mai saurarona, hujjar kuwa ita ce kwalin ashana. Na wuni ina auna dukan da zan sha da yatsan Ummi. Ban ɓoye muku ba, sai da na auna sosai.

Da Baba ya dawo daga sallar la'asar na tare shi a zaure na faɗa masa komai, har da gwajin da na yi a kaina. Ya dube ni ya ce, "Ke da hannunki kika ɗora wa Uwata cinnaka?"

Na ce, "Guda ɗaya ne, Baba. Ɗayan ni ya ciza."

Bai dake ni ba. Ya shiga ya zauna kusa da ita, ya ce ta kalli bango, ya mintsini yatsan har farcensa ya bar shaida. Ya tambaye ta ko ta ji wani abu. Ta ce, "Me?"

Duk da haka ba mu tafi asibiti a ranar ba, ko washegari. Maɗori ya ce mako uku, Baba kuma yana ganin girmansa. Ana cikin wannan sai ga Goggo Hajara, yayar Baba da ke aure a Maigatari. Rabin rayuwarta a tsallaken iyaka ta yi, don haka likita a bakinta lokotoro ne. Ta ce kada a kuskura a kai yarinya wurin lokotoro, su da sun ga ɗori sai su fara wasa wuƙa, ta san mutum uku da aka yanke wa hannu. Da aka tambayi sunayensu sai ta ce ba 'yan nan ba ne. Ta ce jini ne ya kwanta, gashi kawai yake so. Ta dafa ruwa, ta tsoma tsumma, ta riƙa danna wa yatsan tana tambayar Ummi ko da zafi, Ummi na cewa babu. Goggo ta ce a ƙara wuta.

Da safe yatsan ya tashi da ƙuna, ya ɗuri ruwa kamar ƙwan kifi. Ummi na kallonsa kamar yatsan wata. Goggo ta zauna tana hawaye tana cewa da bakinta yarinyar ta ce ba zafi. Baba ya fita ya tayar da babur. Da za su tafi ya ce ni ma in hau, tunda ni na jawo zancen.

A asibiti a Gumel mun iske layin karɓar kati ya kai bakin ƙofa. Daga nan layin ganin likita, daga nan layin hoton ƙashi, daga nan mu dawo layin ganin likita. Mun shiga da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce wa Ummi sannu. Wata tsohuwa ma har dabino ta ba ta. Ni da nake riƙe da jaka da buta da takalmanta, ko kallo.

Likitar mace ce, Hausarta irin ta mutanen Filato, ba ta da faɗa. Ta sa aka yanke tsumman, aka cire kararen. A cikin gwiwar hannu, daidai inda ƙarshen kara ɗaya ya tokare, fatar ta lotsa ta yi baƙi. Ta ɗaga hoton ta ce ƙashin ya zauna daidai, wanda ya ɗora ya iya aikinsa, ɗaurin ne ya yi tsanani, karan nan kuma ya zauna a inda bai kamata ba. Ba wanda ya kawo zancen wuƙa. Na so a ce Goggo na wurin.

Sai ta ce Ummi ta rufe ido. Ta shafa mata auduga a kowane yatsa, ta ɗan caka allura, ta ɗora wani ƙarfe mai sanyi, sannan ta buga wani ƙarfen mai baki biyu da ke kaɗawa ta ɗora a kan gaɓa. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi sun ji komai. Ƙaramin da rabin maƙwabcinsa da gefen tafin hannu, shiru.

Ta yi wa Baba bayani, ni kuma na buɗe kunne. Ta ce a cikin fata akwai 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani. Wasu aikinsu jin shafa, wasu jin matsi, wasu kaɗawa, wasu zafi da sanyi, wasu kuma ciwo. Amma su ba su san komai ba, sai sun aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa sannan mutum ya san an taɓa shi. Ba jijiyar jini ba, wata daban ce, fara kamar zare. Ta tambaye ni ko na taɓa buge gwiwar hannu a ƙofa na ji tsirr har ƙaramin yatsa. Na ce kullum, don ni ke ɗaukar kaya a gidanmu. Ta ce to wannan jijiyar ce karan ya danne kwana da kwanaki.

Maganarta da ta zauna mini ita ce: "Lokacin da take kuka, jijiyar tana kiran a zo a taimake ta. Da ta yi shiru, ba warkewa ta yi ba, muryarta ce ta ɗauke."

Ta tambayi wanda ya fara lura. Baba ya nuna ni da haɓa, ya ba da labarin kwalin ashana yana sunkuyar da kai. Likitar ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta ce tunda ina da hannun gwaji, ni zan riƙa gwada Ummi kullum a gida, da auduga da tsinke marar kaifi, idonta a rufe. Amma ban da dabbobi. Ta ce idan matsuwa kawai jijiyar ta yi, za ta farfaɗo cikin wata uku. Idan wata uku ya cika shiru, sai Kano, a buɗe wurin a duba. Ta hana gashi, ta hana Ummi zuwa kusa da murhu, ta ce yatsan da ba ya jin ciwo ba shi da mai gadi. Aka wanke ƙunar, aka naɗe hannun da farin abin nan mai daskarewa kamar siminti, aka bar gwiwar hannu a sake.

Riɗin da Baba ya so ya ajiye har ya yi tsada, a makon ya kai shi kasuwar Maigatari. Ni kuma na samu muƙami ba albashi, a kan wanke-wanke da shara. Hana ta zuwa kusa da murhu kuwa ya zama hana ta duk wani aiki da ake yi a duniya.

Kowace safiya in ɗaure mata ido da ɗankwali, in shafa, in caka, in tambaya. Mako ya wuce, biyu, huɗu. Aka cire farin naɗin, ƙashi ya haɗe. Yatsan dai shiru, kuma idan aka sa mata takarda tsakanin yatsu ba ta iya riƙewa, cokali ma sai ya karkace. Baba ya rage cin abinci. Yakan tsaya a bakin ƙofa lokacin gwaji kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

A mako na bakwai Ummi ta fara cewa ta ji. Duk inda na taɓa, ta ji. Baba ya yi sujada a tsakar gida. Inna ta aika a gaya wa Goggo. Aka sake buɗe babin lemo da ayaba. Ni kaɗai ce ban yi murna ba, aka ce ai dama an san hali.

Abin da ya sa kuwa, na san Ummi. Na san yadda take yin murya idan tana ƙarya, tun zamanin da take lashe sukarin Inna. Washegari da Baba ya tafi gona, na ɗaure mata ido, na ɗaga audugar sama ban taɓa ta ba, na ce, "Nan fa?"

Ta ce, "Na ji. A ƙaramin yatsa."

Na ce, "To kin fi likita, don audugar tana sama."

Ta janye ɗankwalin. Na zaci za ta yi rashin kunya, sai na ga hawaye. Ta ce, "Yaya Safiya, don Allah kada ki faɗa. Ni ba na son Kano. Yanka ni za su yi." Ba ta kirana Yaya sai tana neman abu. Ta ce kuma tun da ta fara cewa ta ji, Baba ya koma cinye tuwonsa. Ta yi mini alkawarin duk madarar da ta rage, da sabon mayafinta.

Mayafin yana da kyau, na daɗe ina kallonsa. Na ce mata zan yi tunani, na kuma yi. Amma da muka koma Gumel, likita ta tambaye ni yadda gwaji ke tafiya, Baba na murmushi, Ummi na taka mini ƙafa, na ce ƙarya take yi, ba ta jin komai. Likitar ta gwada da kanta ta tabbatar. Ta ce wa Ummi da an tafi a kan wannan ƙaryar an sallame ta, da an bar lokacin gyara ya wuce, yatsun biyu su ƙanƙance su lanƙwashe har abada. Ta rubuta ranar da za mu dawo, ta ce a zo da shirin wucewa Kano.

A hanya ba wanda ya yi mini magana. Ummi ta yi kwana tara ba ta ce mini ko ci kanki ba. Inna ta ce da na bari uban ya ɗan huta. Gwajin dai ban fasa ba, tana miƙo hannu tana kallon wani wuri, ni kuma ina ɗaure ɗankwalin har sau biyu.

Saura kwana goma sha biyu a tafi, muna dawowa daga Islamiyya da safe, muka ratsa ta gefen gona, ƙarangiya ta cika mata bakin hijabi. Ta sunkuya tana kaɗewa da gefen hannu yadda ta saba yi a watannin nan, tunda wurin ba ya ji. Sai ta saki wata ƙara da ta tayar da tsuntsaye. Ta riƙe hannun tana tsalle tana kuka, ƙaya biyu sun kafe a ƙasan ƙaramin yatsa.

Ban yarda ba sai da na zaunar da ita a nan bakin hanya, na rufe mata ido da hijabina. Sau goma na gwada da ƙarangiyar, sau huɗu a ciki ban taɓa ta ba. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Muka ruga gida tana kuka ina ihu, har Inna ta zaci wani hannun ne ya karye.

Da ranar ta zo likita ta soke zancen Kano. Daga ciwo aka fara, sannan zafi da sanyi suka dawo, auduga ce ta zo ƙarshe. Har yau kan yatsan can sama bai gama ji ba, Ummi ta ce kamar an naɗe shi da leda, ga tabon ƙunar Goggo. Likita ta ce ta riƙa aiki da hannun, tsintar wake, matse tsumma, wanke-wanke. Na roƙe ta ta maimaita na ƙarshen a gaban Baba, ta maimaita.

Don haka idan an yi wa naku ɗori, ku riƙa taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kullum, idonsa a rufe. Idan wani yatsa ya sage ko ya daina ji, kada ku jira ranar kwancewa, kuma kada ku kai masa ruwan zafi. A ba wa wanda ba ya raga wa majinyacin wannan aikin, masu tausayi ba su iya shi ba.

Wata guda bayan an sallame mu Baba ya yanka zakara. Kafin a ci ya yi doguwar addu'a, ya sa wa likita albarka, ya sa wa maɗori, ya sa wa Goggo, ya sa wa duk wanda ya zo dubiya. Ina ta jiran sunana har aka shafa. Ni da ƙarangiya ke caka tun ina rarrafe, ko ƙwai ba a taɓa dafa mini ba. Aka zuba mana a kwano ɗaya ni da Ummi, cinya ɗaya ce a ciki, na riga ta kai hannu. Ta cafko ɗaya ƙarshen. Na ja, ta ja. Da hannun dama ta riƙe, yatsu biyar a dunƙule, ƙaramin ya fi kowa naci. Na ƙara ƙarfi da gaske don in tabbatar, bai saki ba.

Ita ta ci cinyar. Ni wuya na samu.